Gadar da Gawa Ba Ta Ƙetarewa

Lyon, daren Laraba, 12 ga Nuwamba

Na dawo daga Jamus da babbar motar da na sayo, amma barci ya ƙi zuwa. Inda na je, ƙauyuka biyu ne aka haɗe da suna ɗaya, rafi a tsakani, kowane gefe da maƙabartarsa. Tituna tsit, ko yaro ban gani ba. Tsohon da ya sayar min ya ce har yau gawa ba ta ƙetare gadar. Matarsa ƴar hayi ce, can aka binne ta, shi kuwa nan za a sa shi. Sai ya ƙura min ido: "Kai fa, ina?"

Ni da na kafa gareji da hannuna a ƙasar nan, sai da na dawo da tambayar gida. Na tambayi ɗana Bashir. Ya ce, "Nan mana, Baba. Wa ya san hanyar garinku Mirriya a cikinmu?"