Zarton Baba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da yara da maigidan kuna lafiya.

Kin tambaye ni ko ni da Auta mun shirya, na ce miki lafiya lau. Ƙarya na yi miki. Tun ranar da na kira shi ɓarawo a gaban masu saye kan katakon da daga baya na tsinta a bayan shago, wata goma sha ɗaya ke nan ko sannu. Na ja layi da alli a tsakiyar shago, kowa na aikinsa. Babban zarton Baba, wanda sai mutum biyu ke jansa, yana rataye yana tsatsa. Maƙwabta har yabon zaman lafiyarmu suke yi!

Baba kuwa jiki ya ƙi, barci ya ƙaurace masa. Jiya ina shafa masa magani ya ce malaminsu ya taɓa gaya musu kalmar sulhu daga Larabci ta zo, asalinta gyara ne. Ya ce shi kafinta ne, bai taɓa ganin an gyara kujera shiru ba, kuma shirun shagon nan ne ke hana shi runtsawa. Yaya, kunya ta kama ni. Ina tsoron ya tafi ya bar mu haka.

Ƙaninki,
Kafinta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ciwon ƙafar taki?

Ranar Talata na sauko da zarton, na ɗora gungume daidai kan layin, na kama hannun zarton ɗaya na tsaya kamar gunki. Bakina ya kasa ba da haƙuri, kin san halina. Auta ya gama shan shayinsa tsaf kafin ya taso ya kama ɗayan.

Mun manta jan. Ina turawa yana turawa, zarto na lanƙwashewa. Maganarsa ta farko gare ni ita ce har yanzu hannuna na hagu ne duka biyun. Na rama, muka kaure da musu. A cikin musun na samu na ce na zalunce shi, ya ce in ja kawai.

Da muka leƙa ɗaki, Baba na barci, baki buɗe, a tsakiyar duk wannan ƙara.

Likita ya ce kwanakin ba su da yawa. Ki taho. In kin iso kika ji muna faɗa, kada ki raba mu.

Ƙaninki,
Kafinta