Ban Ciji Kowa Ba, Malam Shugaba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar ɗalibanmu Hausawa na jami'a, Libreville.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, a gafarce ni in rubutuna ya karkace, tun jiya nake ta dariya.

Na ɗaya. A makon jarrabawa wani ɗan ajinmu ya ɗauke ni hoto ina fitowa daga wata zungureriyar mota a ƙofar makaranta. Ya jefa a gurup ɗin da kai ne mai riƙe da shi, ya rubuta "tchiza", wato farkar mai kuɗi a bakin 'yan Gabon. Kafin azahar na zama sitika a wayar kowa. Mai kuɗin nan kuwa babana ne, direban wani attajiri a unguwar Batterie IV. Ko tayar motar ba tasa ba ce.

Na biyu. Hoton ya isa unguwarmu, Derrière la Prison, wani ya karanta wa Baba. Shi da Faransancinsa bai wuce na kwatancen hanya ba, sai kunnensa ya ji "ciza". Ya shigo gida a fusace yana tambayar wa na ciza, kuma me ya sa ban rama da hannu kamar 'yar mutane ba. Har ya shirya zuwa ba da haƙuri! Kwana da kwanaki ina dariya a fili, ina tsoro a ɓoye, don na san ranar da ya gane, karatuna ya ƙare.

Na uku. Jiya Inna ta fassara masa. Ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya ce gobe shi zai kai ni makaranta, kuma in an sake, in yi cizon na gaske. Wallahi har rawa na taka a tsakar gida.

Na huɗu. Ƙawata Rakiya ba ta yi wannan sa'ar ba. Da nata hoton ya fito, yayanta ya ƙwace wayarta ya mayar da ita gida, garin Ntoum, tana tsaron shago. Mu mata duk mun fice daga gurup, ga shi nan ake sanar da sauyin aji. Mai ɗaukar hoton kuwa yana nan yana cin gyaɗarsa a layin gaba. Da na kawo ƙara ka ce wasa ne. Amma ai na ga fuskar dariyar da ka aika ƙarƙashin hotona.

Roƙona: a goge hotunan, mai ɗaukar hoton ya nemi gafara a inda ya yi ɓarnar, kai kuma ka hau mota zuwa Ntoum ka yi wa yayan Rakiya bayani da bakinka.

Allah ya ƙara maka basira, ya ba ka 'ya'ya mata masu karatu. Ni na koma aji da izinin Baba da haƙorana cif. Kujerar Rakiya da ke kusa da tawa ce har yanzu babu kowa.

Wassalam.

Hadiza 'yar direba