Jinin da Sanusi ya nema

Daren Laraba, Wurno

Na dawo daga Goronyo, ta'aziyyar matar abokina Sanusi. Barci ya ƙi zuwa.

Da safe ina buɗe waya, sanarwar rasuwar na fara gani a saman komai, jama'a sun cika ƙasanta da addu'a. Sai na shiga shafin Sanusi. Ashe tun ran Lahadi ya rubuta cewa matarsa Hadiza ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, asibiti na neman mai irin jininta. Irin nawa ne. Kusan ba wanda ya tanka wa rubutun. Ni kuwa ran nan wayar na hannuna har la'asar, tana ta jero mini bidiyon ɓarayin daji da gardamar siyasa, don su nake tsayawa kallo.

Na tambayi Bashiru mai gyaran waya mi ya jawo haka. Ya ce, "Malam, abin da mutane sunka taru kansa shi ake turo maka. Wanda ba a kula ba nutsewa yake."

Sanusi bai yi mini ƙorafi ba. Ya dai riƙe hannuna ya ce, "Na gan ka kan layi ranar. Na ɗauka ka gani, shi ya sa ban kira ba."

Na so in goge dandalin sada zumuntar daga wayata. To amma tunda hanyar Rabah ta lalace, ta nan nake sanin halin da dangina na can suke ciki. Yanzu shafukan mutanena nake bi ɗaya bayan ɗaya, ina duba ko wani yana kirana ban ji ba.