Ramin da Za Mu Sauka a Tsakiyar Mekong

Matata Sulastri,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake a Laos, sai gajiya.

Kwana uku muna gardama kan ginshiƙan gadar da muke ginawa a kan kogin Mekong. Na ce a kafa su daga kan jirgin ruwa, tunda damina ta kusa. Injiniya Khamphet ya ce, "Dattijo, jirgin ƙasa zai hau ta, ba kekenka ba." Ya ce dole a datse kogin da bangon ƙarfe, mu sauka mu tono har dutse. Na ji haushi, amma gaskiyarsa ce. Na ce, "Wa zai fara sauka?" Ya ce ni da shi.

Yanzu an gama kafa bangon. Yana ɗan yoyo, kada ki damu. Jibi za mu shiga. Ki yi mana addu'a, har da shi.

Mijinki,
Darmaji