A Dawo wa Babana da Mazaunin Alwalarsa

Zuwa ga Shugaban Sashen Ƙere-ƙere,
na jami'ar da na ga ya fi dacewa in sakaya sunanta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi wa Malam barka da aiki, da fatan iyali da ɗalibai suna lafiya. Sau biyu ina zuwa ofishinka ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili. Kuma gara in faɗa tun yanzu, rabin laifin da na kawo ƙara a kansa nawa ne.

Mahaifina baduku ne a Ƙofar Sauri. Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama hannunsa na dama. Tun daga nan ba ya iya riƙe buta, sai na zuba masa ruwan alwala, ko matata idan ina wurin aiki. Mutum ne da bai saba a yi masa komai ba. Duk lokacin da nake zuba masa, ƙasa yake kallo har mu gama.

Na ɗaya. Kafin azumin bara ɗalibanka uku, maza biyu da mace ɗaya, suka zo unguwarmu neman tsofaffi da naƙasassun da za su ƙera wa abin taimako a aikinsu na kammala karatu. Ba ni da ƙorafi a kansu ko kaɗan. Sun durƙusa sun gaida Baba, suka zauna suka ga yadda muke fama, suka auna shi. Suka ƙero mazauni na ƙarfe mai madafa, da ɗan tanki a sama, da feda a ƙasa. In ya taka, ruwa ya zubo a hankali, in ya ɗaga ƙafa ya tsaya. Sau uku suna mayar da shi wurin mai walda saboda fedar ta yi wa Baba tauri.

Na biyu. Ranar da suka kawo shi sun miƙo mini takarda da Turanci. Ni ma'aikacin gwamnati ne, da karanta takarda nake cin abinci, amma ɗoki ya hana ni karanta wannan. Ɗokin kuma ba don Baba kaɗai ba ne. Na gaji da barin abin da nake yi ina ɗaukar buta, Allah Ya yafe mini. Na sa hannu, na juya na ce wa Baba kyauta ce daga jami'a.

Na uku. Malam ya san al'adarmu, wanda aka kawo wa kyauta yakan ba ɗan aike tukuici. Baba ya sa aka ɗauko gafakar Alƙur'ani, ɗinkinsa na ƙarshe kafin ciwo, wadda ya hana a sayar, ya ba su. Suka kalli juna, suka kalle ni, sannan suka karɓa da hannu biyu, don ba a mayar wa dattijo hannu. Na ɗauka kunya ce ta sa su wannan kallo, sai yanzu na gane jira suke in yi magana. Da la'asar Baba ya kira abokansa na masallaci suka ga ya yi alwala shi kaɗai, aka yi ta sa wa jami'a albarka.

Na huɗu. Bayan babbar salla aka aiko da mota. Ashe takardar cewa ta yi gwaji ne, kayan mallakar sashe ne, za a mayar malamai su duba su ba da maki, sannan a ajiye. Da na ji tsayawar motar, Malam, sai na shige ɗaki na turo ƙofa, na bar matata da 'yan aiken, suka ɗauke shi. Da Baba ya tambaya na ce masa gyara aka kai shi. Maganar kyauta cikin rashin sani na faɗe ta, wannan kuwa ƙarya ce da gangan, kuma har yau ina jin kunyar haɗa ido da shi. A zuwana na biyu ofishinka na hango mazaunin ta tagar wani ɗaki, an manna masa lamba, an jibga masa kwalaye.

Ga roƙona. Tunda an gama ba da maki, a dawo wa Baba da shi, ko da da sunan aro ne. Abin da aka auna da jikin mutum ɗaya ba zai amfani ɗakin ajiya da komai ba. Sannan nan gaba a bar dogara da takarda. A faɗa wa tsohon da kansa, da Hausa, a gaban shaida, cewa aro ne ko kyauta, tun kafin ya kai hannu ga tukuici. Kada kuma a tsawata wa ɗaliban, ni ne na jefa su a wannan hali.

Akwai saƙo ɗaya da aka ba ni, kuma shi ya sa na zauna rubutun nan. Jiya ina zuba wa Baba ruwan azahar ya ce ya lura gyaran ya daɗe, yana jin shi ne ya lalata fedar da nauyin ƙafarsa, yaran kuma suna jin nauyin faɗa masa. Ya ce in nemo su in ba su haƙuri, in gaya musu bai yi da gangan ba, kuma in an dawo da shi zai riƙa takawa a hankali. Na ce masa to. Ga shi na isar.

Allah Ya ja zamanin Malam, Ya yi wa ɗalibanka albarka, Ya sa hannunka ya riƙe maka butarka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Naka,
Ɗan baduku daga Ƙofar Sauri, Katsina.