Baba ya ɗauke likkafaninsa daga Djougou

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Mahaifina ya yi shekarunsa yana aiki a Gar, tashar jirgin ƙasa ta Parakou a nan Jamhuriyar Benin, bana ya yi ritaya. Kowa ya ɗauka Djougou zai koma, gidan kakanninmu fataken goro, sai kawai ya ce shi Ouidah zai zauna, bakin teku, garin da ba mu da ko mai ba mu ruwan alwala. Yayana ya yi faɗa har ya gaji, ni kuwa sarkin iyayi na goyi bayan Baba, na ce a bar tsoho ya sha iska. Ni da hannuna na shirya masa akwati, har na ga wani farin yadi a ƙasan akwatin na yi masa tsiya, na ce ango za a yi ke nan. Bai yi dariya ba.

Shekaranjiya Goggo, ƙanwarsa, ta kira ni daga Djougou, wai likkafanin Baba ba ya cikin adaka. A gidanmu duk dattijo yana ajiye nasa a adakar kaka, ma'ana ko a ina ya cika, gida za a kawo shi. Ba a taɓa jin wanda ya ɗauke nasa ba.

Na sami Baba da maganar. Ya ce kakan kakansa ya taɓa gangarawa Ouidah da ƙanensa, lokacin da Turawa ke sayen bayi a can, ya dawo shi kaɗai da kaya niƙi-niƙi, kuma tun daga ranar ba a sake kiran sunan ƙanen a gidan ba. Ya ce, "Uwata, ya kamata ɗayanmu ya je ya kwanta kusa da inda aka bar shi." Ya sa na rantse ba zan gaya wa Yaya ba.

Wallahi tsoro nake ji. Ya rame, ya rage cin abinci, jiya ya bi maƙwabtanmu na unguwar Guéma gida-gida yana neman yafiya. Motarsa ranar Asabar za ta tashi.

In karya rantsuwa in gaya wa Yaya a tare shi, ko in yi shiru in raka ubana tasha alhali na san abin da ke cikin akwatin?