Na Nuna Musu Idon Da Ba Ya Gani

Assalamu alaikum Admin, barkanku da ƙoƙari, kai da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma masu zagi ku ɗan dakata har ku kai ƙarshe, domin babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, saboda idon mutum ne a ciki, wataƙila ma ransa.

Ni mutumin Daura ne, malamin makaranta. Ni da wani abokina, bari in kira shi Nura, muna da wani shiri na fodkas da muke yi a kan damben gargajiya. A bayan shagon ɗinkin yayansa muke zama da waya da ƴar makirfo, mu yi ta surutu a kan wa ya buge wa, wa ke tashe, wa ya tsufa, sannan mu ɗora a intanet. Kafin ka ce me, shirin ya shiga guruf-guruf, ƴan acaɓa suna saurare a hanyar Mai'adua, masu shayi suna kunnawa da safe. Nura ne mai tambaya, ni ne mai sharhi. Har suna aka sa mini, wai Farfesan Dambe. To ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ni ba na zuwa gidan dambe. Ƙura tana tayar mini da asma, jini kuma yana sa ni jiri, ga kunyar kada ɗalibaina su gan ni a can. Guntayen bidiyon da ake turo mini su nake kalla, in ƙara gishiri, in yi magana da ƙarfi kamar a bakin fili aka haife ni. Abin da na gano shi ne, in dai muryarka ba ta rawa, mutane yarda suke yi.

Akwai wani ɗan dambe a ɓangarenmu, zan kira shi Idi. Mahauci ne, ɗan mahauta, asalinsu Baure, amma a nan cikin gari yake da teburinsa na nama. Mutum ne shiru-shiru, ba ya da kurari, amma in makaɗa suka ɗauko takensa da kalangu, har wanda bai san dambe ba sai tsigar jikinsa ta tashi. Bayan kaka aka yi wani wasa, aka turo mini bidiyo. A ciki na ga an kai wa Idi naushi guda, bai faɗi ba, sai kawai ya tsaya cak, ya ɗaga hannu, ya fara warware zaren da aka naɗe masa a dunƙulen hannu, ya juya ya fita daga fili ana turmin farko, wato zagayen farko na wasan. Iyakar abin da na gani ke nan. Ban kira kowa na tambaya ba, ban nemi Idi ba, alhali daga gidanmu zuwa teburinsa ko acaɓa ba a hawa. Da muka zauna ɗaukar shiri Nura ya ce, "Farfesa, me ya sami Idi?" Ni kuwa na gyara zama na ce, "Ina wurin, a kan idona aka yi. Tsoro ne zalla. Ya ji hannun maza, ya tuna da tuwon gida. Daga yau sunansa Idi Kwance-Zare." Nura ya yi ta dariya har da buga tebur.

Wallahi ban taɓa zaton sunan zai kama haka ba. Kwance-Zare a bakin ƴan acaɓa, Kwance-Zare a majalisa, mata ma sai su aiko a sayo musu nama wajen Kwance-Zare. Makaɗa in sun hango shi sai su fara takensa su yanke a tsakiya, jama'a su fashe da dariya. Wanda ya san dambe ya san babu wulaƙancin da ya kai a yanke wa ɗan dambe take, balle Idi da taken nan na mahaifinsa ne ya gada. Ni kuwa ina ta jin daɗi, masu saurare sun ƙaru, ana ta turo saƙo ana cewa Farfesa ba ya tsoron faɗin gaskiya. Wace gaskiya? Ta mutumin da ko ƙofar filin bai sani ba?

Ana haka sai labari ya zo cewa Idi ya karɓi karo da wani ƙato da ke zuwa daga tsallaken iyaka ta Kwangwalam, zan kira shi Dogo. Duk wanda ya san Dogo ya san ba a wasa da shi, kuma yana cikin ƴan kaɗan ɗin nan da ke iya dambe da kowane hannu, dama ko hagu, wanda ya ga dama shi yake ɗaura wa zare. Nura ya ce in je in ɗauko muryar Idi, shirin zai yi armashi. Na tafi da la'asar ina ɗar-ɗar, na ɗauka zai zage ni. Na same shi yana sara ƙashi. Ta ɓangaren damansa na zo, na yi sallama na miƙa masa hannu. Ya amsa sallamar, amma hannuna yana nan a miƙe bai kama ba. Na ce a raina to, fushin ke nan. Sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya, sannan ya ga hannun, ya yi sauri ya goge nasa a riga ya kama, yana cewa, "Yi haƙuri Malam, ban lura ba." Hannun nan dab da kafaɗarsa yake. Na dubi idonsa na dama, a buɗe yake, garau kamar na kowa, amma ba ya kan komai. Ya ga na gane. Ya ajiye wuƙa, ya ce in kashe wayar, ya ja ni bayan rumfa.

Ya ce, "Malam, ranar nan da ka ce na ji tsoro, naushin nan a kan idon ya sauka. Ɗif na ji, kamar an kashe fitila ta gefe guda. Ban san inda abokin karawata yake ba, shi ya sa na kwance." Ya ce ya je asibiti a ɓoye, likita ya gaya masa wannan idon sai dai haƙuri, kuma ɗayan ma ya taɓu, in aka ƙara samun sa da bugu mai ƙarfi a ka, komai na iya faruwa. Na ce, "Innalillahi! To don me ba ka faɗa ba?" Ya ce, "In faɗa wa wa? Ɗan damben da aka san gefen da ba ya gani ai ya gama. Ga Inna mahaifiyata da hawan jini, ita kaɗai ta rage mini cikin iyaye, babana ma dambe ne ya kwantar da shi. Ko matata ba ta sani ba." Na ce to ya fasa karon nan mana. Ya yi wani murmushi ya ce, "Da na yi niyyar hutawa shiru. Amma ƴata ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai ana ce mata ƴar Kwance-Zare." Sannan ya riƙe hannuna da hannunsa mai maiƙon nama ya ce, "Amana ce, Malam. Tsakanina da kai da Allah." Na rantse masa. Na rantse da Allah, jama'a, ba wanda ya tilasta ni.

Da a nan na tsaya, da sai in ce kuskure ne na jahilci. Abin da na yi bayan nan shi ne yake hana ni cin abinci. Akwai wasu samari da suka buɗe nasu shirin, su kuma suna zuwa fili da gaske, suka fara habaici suna cewa akwai masu sharhin da ba su san bambancin turmi da taɓarya ba, masu sharhin ɗaki. Masu saurarenmu suka fara tambaya, wai Farfesa ya taɓa faɗin abin da zai faru kafin ya faru, ko sai an gama yake cika baki? Abin ya ci mini rai sosai. Ranar da muka zauna yin shiri a kan karon Idi da Dogo, Nura ya ce, "Farfesa, yau ana so ka nuna musu kai ne babba. Ina lagon Idi?" Na ji zuciyata tana cewa yi shiru, yi shiru. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Ni na daɗe ina nazarin yaron nan. Ku lura, duk abin da ya zo masa ta dama ba ya tarewa da wuri. Da ni ne Dogo, hagu zan ɗaura, in riƙa zagayawa ta damansa. Turmi ɗaya ya isa." Ban ambaci ido ba. Da wannan na yi ta lallashin kaina, wai ai ban ambaci ido ba. To me ya rage ban faɗa ba? Na ɗauki amanar mutum na mayar da ita ilimina, don a tafa mini.

Kuma an tafa ɗin. Aka yi ta yaɗa guntun maganar, ana cewa wannan shi ne sharhi, sauran duk ƴan koyo ne. Har waɗancan samarin suka ce sun sara mini. Ban gama jin daɗin ba sai ga saƙon murya daga wata lamba ta ƙetare, wani mutum da ban sani ba yana dariya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Farfesa, mutanen Dogo ne. Mun ji karatu, Allah ya ƙara basira." Bayansa sai ga bidiyo. Dogo ne a wani fili yana motsa jiki, ana yi masa kiɗa, yana zagaya wani buhun yashi da aka rataye, yana zagayawa ta gefe guda kawai. Hannunsa na hagu ne a naɗe da zare. Na kalli bidiyon nan har wayar ta mutu a hannuna.

Na koma wajen Idi, wannan karon ta hagunsa na zo. Bai daina yankan nama ba. Ya ce, "Malam, na ji shirin. Ka iya sharhi." Da ma ya ɗauki wuƙar ya soka mini, da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a gaban tebur, ban damu da masu wucewa ba, na ce ya yafe mini, ya bar ni in fito in faɗi gaskiya duka, in ce ƙarya na yi, ban je filin ba, ba tsoro ya ji ba, ido ya rasa, masu shirya wasa su hana karon. Ya ce, "Tashi, Malam, kada a taru." Da na tashi ya ce, "In ka faɗa yanzu, wa zai yarda? Cewa za a yi Kwance-Zare ya ga Dogo ya ɗaura hagu, ya je ya roƙi Farfesa ya ƙirƙiro masa makanta. Sunan ya zauna ke nan har jikokina. Kuma Inna a waya za ta ji, a bakin ƴan unguwa. In ka ƙara buɗe baki a kaina, ban yafe ba duniya da lahira." Na ce to me zan yi masa, ya faɗi ko mene ne. Ya ci gaba da kore ƙuda daga kan nama. Can ya ce, "Abu ɗaya. In abin ya faru, kai za ka je ka gaya wa Inna. Kai ka iya magana."

Admin, karon nan ranar kasuwa mai zuwa ne. Tun yanzu makaɗa sun fara zagaya gari da yamma suna tallarsa, ina aji ina koyarwa nake jiyo kalangu. Nura bai san komai ba, murna yake yi, har ya sama mana wurin zama a gaba wai mu ɗauki shiri kai tsaye. Na je har ƙofar gidan mai shirya wasan na tsaya, na kasa sallama na juyo. Na yi tunanin in sami limamin unguwarsu a asirce, sai na tuna rantsuwar da na riga na karya rabinta. In na yi magana, na ci amana karo na biyu, mai yiwuwa ma a ƙi yarda da ni, karon ya gudana duk da haka, kuma a lokacin kowa ya san ainihin inda za a bugi Idi. In na yi shiru, zan zauna a kujerar gaba da makirfo a hannu ina kallon naushin da ni na aiko.

Jiya na bi ta layinsu ba da niyya ba. Na ga Inna zaune a zaure tana tsince wake, ta ɗago ta ce, "A'a, ba kai ne malamin nan mai magana a waya ba? Idi ya ce kai abokinsa ne. Ka riƙa sa shi a addu'a, ɗan nan." Na ce to, Inna. Na juya na kama hanyar gida.

Malamai da ke wannan shafi, iyaye, da duk wanda ya san dambe da gaske ba irin sanina ba, ku taimake ni. In tona, ya tsine mini amma wataƙila ya tsira da ido ɗaya? Ko in riƙe masa abin da ya rage na amanarsa, in fara shirya kalmomin da zan gaya wa tsohuwar nan? Don Allah, me zan yi?